KIƊAN ƘWARYA A GABAN KWAMFUTA

Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, babu kuma rigimar kishiyoyi, don haka masu jiran ci gaban littafi su yi mani afuwa zuwa mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wata magana ce ta tsaya mani a rai, na ga in ban amayar da ita ba to alƙalamina ba zai sami natsuwa ba. Maganar kuwa ta saurin kiɗa ce, da yadda ake auna shi a wannan zamani, da kuma yadda abin ya shafe mu, mu da muke da tsofaffin kaset-kaset jibge a ƙarƙashin gado ko a cikin adakar iyayenmu.

Hausawa sun ce idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma ban taɓa jin wanda ya nuna mana mudun da ake auna sauyin da shi ba. Mu a wurinmu kiɗa ko dai a ce ya yi sanyi, ko a ce ya ɗau zafi, ko a ce wa makaɗi ya sassauta hannu, shi ke nan an gama magana, kowa ya fahimta. Su kuwa Turawa, da yake ba su iya barin abu sai sun maƙala masa lamba, tun a 1815 wani Bajamushe mai suna Johann Maelzel ya yi rajistar wata 'yar na'ura da ake kira metronom, mai hannu kamar na agogon bango, yana kaiwa yana komowa yana ƙas-ƙas-ƙas. Da ita ake cewa wannan kiɗa bugu kaza yake yi a minti ɗaya. Bugu 60 a minti shi ne tafiyar daƙiƙar agogo. Wajen 120 shi ne takun sojoji a fareti. Zuciyar babban mutum mai lafiya idan yana hutawa tana bugawa tsakanin 60 zuwa 100. Shahararren mawaƙin nan nasu Beethoven ya sanya wa kiɗe-kiɗensa irin waɗannan lambobi a 1817, kuma har yau masanansu suna ta musu, wasu na cewa lambobin sun yi sauri fiye da kima. Kun ga ke nan ko a gidan masu abin lamba ba ta kashe gardama ba.

Mu ma dai ba baƙin lissafi ba ne a harkar waƙa. Duk wanda ya zauna da marubuta waƙoƙi ya ji suna maganar aruli, ilmin da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara tun ƙarni na 8, wanda da shi malamanmu suka riƙa auna karin baitocinsu. Sai dai aruli gaɓoɓi yake ƙirgawa, doguwa da gajeruwa, bai damu da sauri ba. Baiti ɗaya, makaho mai bara zai ja shi a hankali a ƙofar gida, 'yan Islamiyya kuma su rera shi da gudu ranar saukar karatu, kuma duk karin bai karye ba.

Lambar sauri ta shigo mana ne sosai ta ƙofar finafinai. A shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya shiga sutudiyoyin Kano, mai kiɗa kafin ya taɓa komai sai ya saita abin da suke kira temfo, lambar ta fito a ɗan gilashin fiyano, daga nan har a gama waƙar ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Wanda ya yi wayo lokacin da fim ɗin Sangaya ya fito a 1999 ya san yadda wannan sauti ya mamaye gidajen biki da motocin haya. Daga baya kwamfuta ta karɓi aikin, musamman manhajar nan ta wani kamfanin ƙasar Beljiyam da ake kira FruityLoops, wadda aka sauya wa suna zuwa FL Studio a 2003. Yau ko a nan Kaduna, daga Kawo zuwa Tudun Wada, yaro mai kwamfutar tafi-da-gidanka da 'yar sifika ya zama sutudiyo shi kaɗai. Kuma manhajojin yanzu ba saita sauri kawai suke yi ba, kana iya ba su waƙar da aka riga aka ɗauka, su saurara, su ce maka bugu kaza take yi a minti.

Abin da ya haɗa ni da wannan lissafi kaset ne guda ɗaya tak. A 1988 aka yi bikin babbar yayarmu, ina da shekara bakwai. Ranar wuni mata suka kife ƙore a tsakar gida, babba a cikin baho da ruwa, ƙanana a ƙasa, aka yi kiɗan ƙwarya irin na amada, wanda marigayiya Barmani Choge ta shahara da shi. Innarmu ce ke ba da waƙa, sauran mata na amshi. Wani ƙanin babanmu ya ajiye rikodarsa a gefen tabarma ya danna jan maɓalli. Allah Ya yi wa Inna rasuwa a 2009, kuma duk duniya babu inda muryarta ta rage sai a cikin wannan kaset. Lokacin ambaliyar 2012, da kogin Kaduna ya cika ya shigo mana Rafin Guza, littattafaina da dama sun jiƙe sun zama kamar fura, amma kaset ɗin ya tsira domin yana cikin gwangwanin madara a saman kwaba. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba, kullum ina tunanin wata rana zare zai tsinke ko rikoda ta tauna shi.

Ɗan yayana, wanda ke harkar haɗa sauti, shi na sa ya zo da kayansa. Ya samo wata rikoda mai lafiya, ya jona ta da kebul zuwa kwamfuta, muka zauna shiru har gefen kaset ɗin ya ƙare, minti talatin cif. Da ya gama sai na ga sautin ya zama zane a gilashi, kamar jerin duwatsu da kwari. Ya ce mani ai kwamfuta ba ta jin kiɗa yadda muke ji, wannan zanen take dubawa. Duk inda aka doki ƙwarya ko aka yi tafi sai zanen ya yi tsini. Manhajar sai ta bi ta yi wa kowane tsini alama, ta auna tazarar da ke tsakaninsu, ta duba wace tazara ce ta fi yawan maimaituwa, sannan ta raba daƙiƙa 60 da ita. Idan tazarar rabin daƙiƙa ce, amsa 120 ke nan. Lissafi ne mai sauƙi, wanda ko ni da na tsaya a sakandare na gane shi nan take.

To amma da ya danna, sai manhajar ta ce 63. Ya sake zaɓar wani yanki, ta ce 126. Ya buɗe wata manhajar daban, ita kuma ta ce 84. Na ce masa, "To yanzu wace ce mai gaskiya a cikinsu?"

Ya yi dariya ya ce, "Goggo, duk ba wadda ta yi ƙarya. Kowace da wanda ta bi."

Bayaninsa ya gamsar da ni. Tafin mata yana sauka sau 126 a minti. Babbar ƙwarya ta cikin ruwa sau ɗaya take sauka a duk tafi biyu, wato rabi ke nan, 63. Ita kuwa mai ƙaramar ƙwarya tana yin bugu biyu a inda tafi ya yi uku, shi ne ya ba da 84. Ya ce wannan matsala sananniya ce ga masu irin aikinsa a ko'ina, manhaja takan ninka lamba ko ta raba ta biyu, kuma kiɗan Afirka da ake saƙa biyu cikin uku ya fi kowane rikita ta. Ita kwamfuta tana ganin duk bugun, abin da ba ta sani ba shi ne a kan wanne ƙafar mai rawa take sauka. Wannan kuwa sai an tambayi mai rawa.

Mai rawar da ta rage mana ita ce Iya, ƙanwar Inna, wadda ita ce ta riƙe ƙaramar ƙwarya a ranar bikin. Washegari muka ɗauko ta a keke-napep. Tana shigowa ta dubi yaron ta ce, "Kai mijin nawa, wai kai ne za ka tayar mana da matattu da wannan faifan gilashin?" Ya ce, "Hajiya, ai ke dai ki yi mani tafi kawai, sauran aikin nawa ne." Ashe akwai maɓallin da ake dannawa da yatsa ana bin kiɗa, manhaja ta ƙirga dannawar. Ya kunna, Iya ta fara tafi, shi kuma yana bin hannunta. Lamba ta tsaya a 126. Magana ta farko ta ƙare.

Sai dai tun kafin a kai ko'ina Iya ta tsayar da tafin, ta karkata kai, ta ce, "Tsaya tukuna. Wannan wace ce take ba da waƙar?"

Na ce, "Iya, Inna ce mana."

Ta girgiza kai ta ce, "Kalaman nata ne, amma wannan muryar yarinya ce. Yaya ba ta da siririyar murya haka, kuma mu ba mu fara kiɗa da gaggawa kamar waɗanda ake kora."

A nan ne yaron ya gyara zama. Ya ce kaset, tun da kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, an ƙa'ide masa gudun santimita 4.76 a daƙiƙa. Idan batir ɗin rikoda ya yi sanyi lokacin da ake ɗauka, injin sai ya riƙa jan zaren a hankali. Ranar da aka saka shi a rikoda mai lafiya kuwa sai komai ya fito da sauri, murya ta ƙara siranta, tsohuwa ta koma budurwa. Sauri da kaifin murya a kaset tare suke tafiya kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai, ba a ƙara ɗaya a bar ɗaya. Ya ce da a jikin wutar lantarki aka jona rikodar, da akwai wani ɗan ruri da wuta kan bari a ƙarƙashin sauti, wanda a ƙasar nan yake kaɗawa wajen sau 50 a daƙiƙa, in ya auna ya ga 53 ya san kaset ya yi sauri da kashi 6 cikin 100. To namu da batir aka ɗauka, babu wannan shaida. Manhajar ta auna saurin da ke cikin kaset daidai, amma ba ta da hanyar sanin saurin da aka yi a tsakar gidanmu a 1988.

Don haka sai aka koma ga kunnen Iya. Ya rage gudun da kashi 2, ta ce da saura. Ya rage da kashi 4, ta ce an kusa. Da ya kai kashi 6, Iya ba ta ce komai ba, sai kawai ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska. Ni ma a lokacin na ji muryar da take kirana da asuba in tashi in yi salla, mai ɗan kauri, mai ɗan dishi-dishi. Shekara da shekaru ina sauraron kaset ɗin nan ina kuka, amma ranar ce Inna ta dawo da muryarta. Yaron ya ce kashi 6 ɗin nan kusan daidai yake da tazarar maɓallin fiyano ɗaya zuwa na kusa da shi, abu kaɗan a ido, amma ya isa ya sauya mutum. Lambar kiɗan ta sauko wajen 118.

Saura magana ta uku, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Da ya auna farkon kiɗan ya sami 118, da ya auna ƙarshensa, bayan kamar minti ashirin, sai ya sami wajen 134. Ya ce ko dai batir ne ya ci gaba da mutuwa, ko kuwa matan ne suka ƙara wuta. Yadda ya raba gardamar ya burge ni. A cikin kiɗan akwai wata mata da ke buga tasa da cokali, ita kuwa tasa muryarta ɗaya ce, ba ta san gajiya ko zumuɗi ba. Idan inji ne ya ƙara gudu, dole ƙarar tasa ta ƙara kaifi daga farko zuwa ƙarshe. Ya auna, ya tarar ɗan abin da ta motsa bai taka kara ya karya ba. Ashe hannun mutane ne. Iya ta ce, "Yo ai lokacin ne dangin ango suka shigo, muka ce sai mun nuna musu gidan da suka zo."

Sai ya ce, "Goggo, bari in daidaita shi duka ya tsaya a 120, in ɗora masa fiyano da ganga. Wallahi in na sake shi haka yara za su saurara. In aka bar shi yadda yake, daga ke sai Hajiya za ku ji."

Ban ce maganarsa banza ce ba, don ba banza ba ce. A sutudiyo yanzu ba a taruwa a yi waƙa lokaci ɗaya. Yau a ɗauki kiɗa, gobe mai waƙa, jibi 'yan amshi, to in babu tsayayyen sauri da kowa zai bi, ba yadda za a yi a haɗa su. Kuma gaskiya ne kunnen 'ya'yanmu da tsayayyen kiɗa ya tashi. Na ce ya yi mu ji. Manhajar ta miƙe wurin da ya yi gudu, ta matse wurin da ya yi nawa, ba tare da ta taɓa kaurin murya ba, abin da kaset ba zai taɓa iyawa ba. Ya kunna. Sauti ya fito tsaf, babu tuntuɓe. Amma da aka zo wurin shigowar dangin ango, sai ga guɗa ta tashi, ga shewa, ga ihun yara, alhali kiɗan yana nan yadda yake tun farko, ko gezau. Sai guɗar ta zama kamar ta mahaukaciya, babu abin da ya jawo ta. Iya ta taɓe baki ta ce, "Kiɗan da ba ya haki ai ba na mutane ba ne. Mayar mani da nawa."

Mu marubuta ya kamata mu fi kowa gane wannan. Idan uwargida tana zaune ita kaɗai tana tunani, jimlolinmu dogaye ne, suna tafiya a hankali. Da zarar an turo ƙofa amarya ta shigo, sai su gajarce, su riƙa zuwa a guje. Ba wanda ya koya mana wannan a aji, labarin ne ke ja. Da wani zai bi littafi ya mayar da kowace jimla tsawo ɗaya, da ba a rasa kalma ko ɗaya ba, amma mai karatu zai yi barci a shafi na uku. Haka makaɗanmu suke. Mai kalangu yana matsa tsirkiya yana sassautawa yana bin bakin mawaƙi, mawaƙi kuma yana bin fuskar wanda yake wa waƙa. In ya ga an miƙe an fara kari, kiɗa ya ɗau zafi. Wannan hawa da sauka a cikin aikin yake, kamar gishiri a miya.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne na gidanmu ɗaya ne cikin dubbai. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Alhaji Musa Ɗanƙwairo a 1991, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Waƙoƙinsu da ke yawo a wayoyinmu, da yawa daga kaset aka kwafo su, wanda shi ma daga wani kaset aka kwafo shi, kowace rikoda da nata gudun. Ku gwada da kanku, ku nemi waƙa ɗaya ta Shata daga wurin masu tura waƙoƙi biyu ko uku, ku saurara a jere. Sau da yawa za ku ji a wata muryarsa ta yi kauri kalangu na jan ƙafa, a wata kuma kamar ana binsa da bulala. Yaron da aka haifa bayan 1999 wacce zai ɗauka ita ce Shata? Su manyan mawaƙa ma da sauƙi, domin gidajen rediyo irin na Tarayya da ke nan Kaduna, wanda ya fara aiki tun 1962, sun ɗauki da yawa daga cikinsu da na'urori masu kyau, akwai abin da za a gwada da shi. Amma wa zai gwada muryar kakarki da ke waƙar daɓe ko ta niƙa, ko karatun mahaifinka, ko wa'azin limamin unguwarku da aka ɗauka da rikodar aro?

Shawarata ga duk mai irin wannan ajiya ita ce kada ya jira. A nemi rikoda mai lafiya a juye kaset ɗin cikin kwamfuta, a ajiye wannan juyin na farko yadda ya fito, kada a taɓa shi, a raba shi wuri biyu ko uku. Duk gyaran da za a yi a yi shi a kan kwafi, a rubuta a jikin sunansa abin da aka yi masa, kashi nawa aka rage, wa ya tabbatar. Kada a yar da kaset ɗin don an juye shi. A yi amfani da manhaja, domin ita ce ta nuna mana bambancin laifin batir da zafin hannun mata, abin da kunne shi kaɗai ba zai iya rabawa ba. Amma kafin komai a ɗauko tsoho ko tsohuwar da ta san mai muryar, a zaunar da ita kusa da sifika tun tana da rai da sauran ji. Manhaja za a same ta gobe, har ma wadda ta fi ta yau, su kuwa waɗannan shaidu kullum raguwa suke yi. Masu son ɗora fiyano su ɗora, ba a hana yaro wasansa ba, amma a faɗa wa mai saurare cewa wannan gyararre ne, ga kuma na asali.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa waɗanda suka rage lafiya da nisan kwana, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da suka bar mana. Sai mun haɗu a ci gaban littafi. Wassalam.